Ranar da rana ta zana min raga a gadon baya

Sai da na cire riga a ɗakin da muka sauka a garin Sault, wajen ƙarfe tara na dare, sannan na san na shiga uku. Tun yamma dama nake jin bayana kamar an ɗora min dutsen guga amma na ce ai gajiya ce, to ina buɗe ruwan wanka ya sauka a kafaɗata na saki wata ƙara da ni kaina ban san ina da irinta ba. Yayana ya leƙo a guje yana tambaya ko wani abu ne ya cije ni. Na juya masa baya na ce Yaya don Allah duba min, me ke nan wurin? Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai kawai ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa, ya zaro waya ya ɗauki hoto ya miƙo min.

Bayana ne a hoton, amma sai ka ce an kwantar da ni an kifa min rariya an yi feshin fenti. Ɗigo-ɗigo baƙi ƙirin a jere, daidai da hudojin rigar da na yini da ita, sai wasu layuka biyu masu haske da suka sauko daga kafaɗu suka haɗe a tsakiyar baya, wato inda igiyar wandon keke ta rufe. Dantsena kuwa daga inda hannun riga ya tsaya har wuyan hannu ya yi wani irin duhu mai sheƙi, fatar ta ɗaure tamau, in na lanƙwasa gwiwar hannu sai in ji kamar za ta tsage. Ƙeya kam ba a magana.

Yadda aka yi kuwa, Yaya ne ya ja ni wannan tafiya. Ya ba ni shekara goma, kuma ya daɗe yana hawan keken tsere tun ina yi masa kallon wanda bai da aikin yi, ni kuwa shekarata biyu kacal da farawa. Shi ya ce a watan Yuli mu je kudancin Faransa mu hau dutsen Ventoux, wanda masu wurin suke kira da wani abu kamar "Bantu", dutsen da duk mai kallon gasar tseren keke ta Tour de France ya san shi. Muka shirya kwana uku: rana ta farko mu zaga ta kwazazzabon Nesque zuwa Sault don ƙafa ta saba, ta biyu mu gangaro Bédoin, ta uku mu hau. Jirgin ƙasa ya ɗauko mu da kekunanmu daga Avignon ya sauke mu a Carpentras, daga nan aka fara taka feda.

Da safen nan da muke shiri na kalli Yaya na kasa riƙe dariya. Ya sa farar riga, ya zura wata safar dantse fara tun daga wuyan hannu har ƙarƙashin hannun riga, ya zura irinta a ƙafa, ya sa ƙyallen wuya, ya ɗora 'yar hula mai baki sannan ya kifa hular kwano a kai, ga safar hannu, ga tabarau ƙato. Hancinsa kawai ake gani da leɓe, su ma ya shafe su da man kariya daga rana har sun yi fari-fari. Na ce Yaya, wai hawan keke za mu je ko fashi? Ya ce kai dai yaro ne, bari yamma ta yi mu yi magana. Ni kuwa a ranar ji nake babu ɗan kwalisa kamata, na sa wata riga mai raga-raga da nake ji da ita, marar nauyi kamar takarda, iska na ratsa ta ta ko'ina, ba singileti a ciki, hannunta gajere. Ya miƙo min robar man na ture, na ce haba Yaya, baƙar fata ce fa, rana ta san mu mun san ta, wannan ai kayan Turawa ne. Bai ce komai ba ya mayar aljihun baya.

Hanyar Nesque tana da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Daga Villes-sur-Auzon take fara hawa a hankali, hawan da ba ya cin rai, kwana bayan kwana a gefen dutse, ta dama rami mai zurfi wanda in ka leƙa sai cikinka ya juya, motoci jefi-jefi, ƙarar ƙwari a bishiyoyi kamar an kunna injin da ba a kashewa. Akwai wuraren da aka huda dutse hanya ta bi ta ciki, 'yan gajeru ne, ka shiga sanyi na daƙiƙa biyar ka fito. Mun tsaya a wurin leƙe da ke fuskantar ƙaton dutsen nan Rocher du Cire muka yi ta hotuna, ni har da buɗe zif ina baza ƙirji. Muka gangara Monieux, muka shiga filayen furen labanda da ke kewaye da Sault, shuɗi-shuɗi har iya ganinka ga ƙamshi, nan ma muka ɓata fiye da awa guda. Jimilla mun yi wajen awa shida a waje kuma mafi yawansu da tsakar rana, don ni na ja mu muka makara da safe.

Abin da ya yaudare ni shi ne ban ji zafi sosai ba. A kan keke kullum kana cikin iska, gumi na fita yana bushewa nan take, jiki na jin daɗi, kai kuma ka ɗauka in ba ka jin zafi to ba abin da ke faruwa. Ashe zafin da fata ke ji daban, abin da ke ƙona ta daban. Wani haske ne da ido ba ya gani kuma jiki ba ya jin saukarsa, shi ake ce wa UV, iska ba ta kore shi, sanyi ba ya hana shi, ko gajimare marar kauri yana iya barin har kashi 80 cikin ɗari nasa ya wuce. Kuma ƙunarsa ba ta nuna kanta sai bayan awoyi, shi ya sa da rana nake ta fankama da dare nake ihu a banɗaki.

A daren nan rub da ciki na kwana, Yaya ya jiƙa tawul da ruwan sanyi ya shimfiɗa min a baya yana yi yana tsokana. Don ya sanyaya min rai wai, ya nemo min hoton Chris Froome na watan Janairun 2014, watanni kaɗan bayan ya ci Tour de France ɗinsa na farko, shi ma ya fita atisaye da riga mai raga rana ta gasa masa baya ya yi jawur, hoton ya zaga duniya. Ya ce ka ga ba kai kaɗai ba ne, bambancin kawai shi ana biyansa. Tunda barci ya ƙi zuwa sai na ɗauki waya na shiga karance-karance, abin da ya kamata in yi tun kafin in haɗa jaka. Nan na ga ashe maganar baƙar fata da nake taƙama da ita rabin gaskiya ce. E, sinadarin da ke ba fata duhu yana tare wani abu, masu bincike sun kiyasta shi kamar man kariya mai lamba 13, wato lambar da ke nuna ƙarfin man, amma likitocin fata lamba 30 zuwa sama suke cewa a shafa, kuma wannan ɗin ma duk awa biyu a sake. Awa shida a buɗe a watan Yuli ya fi ƙarfin 13 nesa ba kusa ba. Mu dai ba ma yin ja ne a gani, sai duhu da raɗaɗi da ɗaurewa, daga baya fata ta saɓe.

Da gari ya waye Yaya ya buɗe jakarsa ya fito da wata riga da safar dantse da ƙyallen wuya, sababbi fil, ya jefo min. Ashe tun daga gida ya zo min da su, ya san halina, ya bari ne kawai in ɗanɗana. Na ce Yaya amma ka cuce ni, ya ce da na ba ka jiya za ka sa? Na yi shiru.

A jikin rigar akwai ɗan rubutu, UPF 50+. Ya ce in kawo tawa mai ragar, ya ja ni bakin taga ya ɗaga su biyun yana fuskantar haske. Ta cikin tawa ina hango rufin gidan da ke tsallaken titi har da tsuntsun da ke kai. Tasa kuwa haske ne kawai dishi-dishi, saƙar ta haɗe ba ƙofa, alhali a hannu nauyinsu kusan ɗaya. Sai ya kama safar dantsen ya ja ta da ƙarfi da hannu biyu, nan take hudoji ƙanana suka bayyana, ya ce ka gani, shi ya sa ba a sayen wadda ta yi maka kaɗan don wai ta kama jiki, in ta miƙe da yawa ta zama rariya ita ma. Lambar nan ma'anarta mai sauƙi ce, UPF 50 na nufin kashi ɗaya cikin hamsin na hasken ne kawai ke ratsa yadin, wato kashi 2 cikin ɗari. Farar rigar auduga ta yau da kullum lambarta ba ta wuce wajen 5 zuwa 7 ba, in ta jiƙe da gumi ma raguwa take ƙara yi. A Ostiraliya da Niyu Zilan aka fara kafa wannan ma'aunin a 1996, ba mamaki, su ne ciwon dajin fata ya fi addaba. Yadin foliyesta ya fi auduga tare hasken kuma ba ya shan ruwa kamarta, yana jan gumi ya baza shi a waje ya bushe. Abin da ya fi burge ni dai shi ne riga ba ta gogewa. Mai kana shafawa gumi na wanke shi, ka share fuska da hannu ya tafi, ka manta lokacin sakewa, ita kuwa in ka sa ta ka sa ta kenan har yamma.

Rana ta biyu gajeruwar tafiya ce, muka haura tudun Col des Abeilles muka gangaro zuwa Bédoin, kuma a nan na fara jin abin da Yaya ke ji. Da farko na tsargu, gani nake kamar an naɗe ni. Muna fara gangara ya ce ɗauko gorarka ka tsiyaya ruwa kaɗan a dantse. Wallahi sai da na ce wash, sanyi ya ratsa ni har ƙashi kamar na zura hannu a firji, kuma ya daɗe bai tafi ba, don yadin ya riƙe ruwan yana sakinsa a hankali iska na kwashewa, a fata tsirara kuwa da tuni ya zube ƙasa. Busasshiyar iskar yankin ta taimaka, a wuri mai laima inda gumi ba ya bushewa abin ba zai kai haka daɗi ba. Mun ɗan yi musu a hanya kan launi, na ce to me ya sa duk naka farare ne bayan na karanta jiya cewa yadi mai duhu ya fi tare hasken? Ya ce gaskiya ne, amma in saƙar ta yi kyau har ta kai 50 to farin ma ya isa, kuma bai ɗaukar zafi kamar baƙi. Na kawo masa binciken nan da mujallar Nature ta buga a 1980, wanda aka yi a hamadar Negev aka gano baƙar riga da fara zafin da ke isa jiki ɗaya ne, ya ce ai waccan riga ce mai faɗi iska na yawo tsakaninta da fata, naka kayan manne suke da jiki, taɓa cinyarka ka ji. Na taɓa baƙin wandona, zafi rau, na taɓa farin dantse, lafiya lau. Na bar musun.

Ranar hawa kuwa mun so fita da sassafe, sai tayar Yaya ta baya ta yi faci tun kafin mu bar gari, ga tiyub ɗin da muka canza shi ma ya ƙi riƙe iska, kafin mu gama fama tara ta wuce. Na duba waya, ma'aunin UV na ranar zai kai 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun daga 3 take cewa a fara kare jiki. Wani abin kuma da ban sani ba sai da Yaya ya faɗa, agogon Faransa a lokacin zafi yana gaba da rana sosai, rana ba ta kai tsakiyar sama a can sai wajen biyu saura kwata, don haka wanda ya ce bari sha biyu ta wuce in fita, ya fita ne daidai lokacin da take kan ganiyarta. Ya ce ka daina kallon agogo, kalli inuwarka, in ta fi ka gajarta to kana cikin wuta.

Daga Bédoin zuwa ƙololuwa kilomita 21 ne da 'yan kai, kuma za ka haura mita wajen 1,600. Kilomita biyar ko shida na farko wasa ne, gonakin inabi ta kowane gefe, kana hira kana tafiya, har ka fara cewa wai wannan ne dutsen da ake ta zuzutawa. Sai ka iso kwanar Saint-Estève, hanya ta karya hagu ta shige daji, daga nan hira ta ƙare. Kusan kilomita goma hawa ne na kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari ba wurin hutawa, na sauke giya har ta ƙare ina ta danna abin canzawa ko akwai saura, babu. Gudu na bai wuce kilomita bakwai a awa ba, kuma a nan ne zan faɗi gaskiya kan kayan nan, don ba zan zauna in ce muku aljanna ba ne. In ba iska, ba daɗi. Cikin dajin nan iska ta tsaya cak, kwalta na huci, gumi na zuba ba ya bushewa, safar dantsen ta jiƙe sharkaf ta zama kamar bargo, ƙyallen wuyan ya shaƙe ni, tabarau ya yi hazo gumi na ɗiga a cikinsa. Na ji kamar in yage komai in jefar. Abin da na yi, na naɗe safar na sauko da ita wuyan hannu tunda akwai inuwar bishiyoyi jefi-jefi, na buɗe zif rabi, na cire ƙyallen na cusa a aljihu. Nan na gane dalilin da ya sa Yaya ya fi son safar dantse a kan riga mai dogon hannu, ita kana iya sauke ta ka mayar ba tare da ka tsaya ba. Shi ko a jikinsa, yana gabana yana taka fedarsa a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure, lokaci-lokaci ya waiwayo ya ce ƙanena sha ruwa, kar ka jira ƙishi.

A Chalet Reynard, wani gidan cin abinci da ke bakin hanya, daji ke ƙarewa, saura kilomita shida. Nan ne aka tsayar da tseren Tour na 14 ga Yulin 2016 saboda iska ta yi yawa a sama, ranar da Froome ɗin nan dai ya yi karo da babur a cikin cunkoson 'yan kallo, kekensa ya lalace ya kama gudu da ƙafa. Muka tsaya muka cika gorori, Yaya ya sa ni na sake shafa mai a hanci da kumatu da kunnuwa da gwiwoyi da leɓe, ya ce ja safarka sama, mayar da ƙyallen, daga nan ba sauran bishiya. Ya cire hular kwanonsa yana gyara 'yar hular ciki, na ce wai ita wannan ta mece ce a cikin zafin nan, hula kan hula? Ya shafa sanƙonsa ya ce akwai shekarar da ya yini ba ita, rana ta bi ta hudojin iska na hular kwano ta zana masa layi-layi a ka kamar kankana, sati biyu yana yawo da su. Na yi dariya har na ƙware, na ce ashe kai ma an taɓa ka, ya ce to da ka ɗauka da wayona aka haife ni?

Abin da ke sama da Chalet Reynard ban taɓa ganin irinsa ba. Duwatsu ne farare fat, tsakuwa da ɓaraguzai ta ko'ina ba ciyawar kirki ba inuwa ko ta sanda, daga nesa ka rantse dusar ƙanƙara ce. Hasumiyar da ke ƙololuwar dutsen, mai ja da fari, tana can sama kana ganinta kamar ka miƙa hannu, ka yi kwana ta ɓace, ka sake kwana ta dawo kuma ba ta matso ba. Haske yana zuwa ta sama yana kuma dawowa ta ƙasa daga fararen duwatsun, na ɗan ɗaga tabarau don in share gumi sai da hawaye ya zubo min. Tabaraun ma ashe ba duhun gilashi ake dubawa ba, rubutun UV400 ake nema, don gilashi mai duhu marar kariya sa ƙwayar ido yake ta ƙara buɗewa hasken ya shiga da yawa, kuma irin wannan hasken yana cikin abin da ke kawo yanar ido in shekaru suka tara. Ga kuma tarkon wurin: iska ta dawo, sanyi-sanyi mai daɗi, don duk mita dubu da ka haura zafi na sauka da wajen digiri shida, amma shi UV ƙaruwa yake da kusan kashi 10 cikin ɗari. Wato inda jikinka ke ce maka yanzu ka huta, cire kaya, nan ne ya fi cin mutum. Na ga wasu samari biyu sun wuce mu sun tuɓe riguna sun ɗaure a ƙugu, kafaɗunsu sun riga sun yi jawur, Yaya ya kalle ni na kalle shi, ba wanda ya ce uffan. Ni kuwa na tsiyaya ruwa a dantse da ƙeya, iska ta buga, na ji raina ya dawo. Bayana da ke ciwo tun shekaranjiya ko sau ɗaya bai yi min raɗaɗin rana ba a ƙarƙashin rigar nan.

Saura kamar kilomita ɗaya a kai ƙololuwa akwai wani dutsen tunawa a gefen dama, da 'yan matakala, mahaya sun ajiye gorori da huluna a gindinsa. Nan ne Tom Simpson ɗan Birtaniya ya faɗi ranar 13 ga Yulin 1967 ana tsakiyar tseren Tour cikin matsanancin zafi, yana da shekara 29, mutumin da ya ci gasar duniya a 1965. An samu ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa, ga rashin ruwa, ga zafi, zuciya ta tsaya. Muka sauka muka tsaya shiru. Ina tsaye ina haki sai na lura kaina yana ɗan juyawa kuma gorata ta biyu ko rabi ban sha ba, na shagala da zuba ruwa a hannu na manta da zubawa a ciki. Yaya ya kalli fuskata ya ce zauna. Ya tsaya ta gefen rana ya yi min inuwa da jikinsa, ya buɗe min zif har ƙasa, ya sa na shanye gorar a hankali da ɗan gishirin nan da ake narkawa a ruwa, ya ce rigar nan fata take karewa, ba ta hana jiki dahuwa daga ciki, in ka ji jiri ko tsigar jikinka na tashi a cikin zafi ko ka fara rikicewa to ba jarumta, sauka ake yi. Mun yi minti goma sha biyar a wurin kafin ya yarda muka ci gaba.

Ƙarshen hawan ban tuna shi sosai ba, na dai san mun wuce Col des Tempêtes iska ta kusa ture ni, sai kwana ta ƙarshe mai tsaye kamar bango, sai ga ni a gindin hasumiya mita 1,910 sama da teku ina rungume da kan keke. Mutane cike, kowa na layin ɗaukar hoto da allon. A hotonmu ba ka gane waye waye, mutum biyu a naɗe sai haƙora. Ba mu daɗe ba don gumi na bushewa sanyi ya fara kama ni, Yaya ya zaro 'yar rigar iska daga aljihu ya ba ni, abin da na yi masa dariya da safe da na ga yana cusa ta ana wannan zafin. Gangarowa yatsuna suka ƙage a kan birki, haƙora na haɗuwa, sai da muka sake shiga daji sannan zafi ya dawo kamar an buɗe murhu.

A Bédoin muka zauna a inuwa bakin famfo na fara tuɓe kayan ɗaya bayan ɗaya ina duba jikina kamar mai neman kaska. Dantse lafiya, ƙeya lafiya, kunnuwa lafiya, bayan ma ya fara ƙaiƙayin warkewa, wanda bayan kwana biyar ya yi ta saɓa kamar maciji har na daina sa baƙar riga saboda ɓawo. Sai da na zare safar hannu ta hagu na ga wani siririn layi baƙi ya zagaye wuyan hannuna, faɗinsa bai fi yatsa ɗaya ba, daidai ratar da ta rage tsakanin safar hannu da safar dantse lokacin da na ja ta sama a gurguje a Chalet Reynard. Na taɓa, zafi. Yaya ya kamo hannun ya juya shi sama da ƙasa yana dubawa, ya ce to ƙanena, wannan karon agogo ta ɗaura maka.